Hudajjen Takalmin Malam Yusufu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Na zauna rubuta wannan ne saboda matan da ke aure da maza masu taurin kai, irin waɗanda in ka tambaye su jiki sai su ce "babu komai" ko da jini na zuba. Nawa mijin, saura ƙiris "babu komai" ta raba shi da ƙafarsa ta hagu a nan Madina, ina tsaye a gefensa ina kallo.

Sunana Habiba, 'yar Zariya ce ni. Mijina Malam Yusufu Baturen Ingila ne, dogo, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinmu. Koyar da Turanci ya kawo shi wata makarantar maza a garinmu, ya musulunta a hannun kawuna, ya aure ni ina bazawara. Dangi suka ce auren ba zai ga damina biyu ba. Muna shekara ta takwas ya sami aikin koyarwa a Madina, muka tattaro muka kama gida a unguwar Ƙurban, kusa da Masallacin Ƙuba. Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a shekararmu ta biyar a nan, ba a daɗe da shiga shekara ta dubu da ɗari huɗu ta Hijira ba.

Sai na faɗi sana'arsa ta farko, don can ciwon ya samo asali. Kafin alli da allo, Malam ɗan wasan kurket ne, yana yi wa ƙungiyar lardinsu wasa ana biyansa. Ni dai ban taɓa gane kan wasan nan ba, kuma na daina wahalar da kaina. Abin da na sani shi ne nasa aikin jifa ne, jifa mai ƙarfi. Zai ja da baya taku goma sha takwas, ya sheƙo a guje, ya daka ƙafar hagu a ƙasa da duk nauyinsa, ya wurga wata ƙwallo mai taurin dutse. Haka zai yi ta yi tun hantsi har yamma, kusan kullum, duk lokacin zafinsu, shekara goma sha ɗaya. Babban yatsansa kuwa shi ke shan dukan, don duk saukowa sai ya daki bakin takalmi. Farcen ya fita ya sake fitowa har ya gaji ya daina. Sai masu jifa irinsa suka samo dabara: su sa reza su huda takalmin daidai kan yatsan, ya sami wurin leƙowa, su ci gaba da gudu.

Da kuma wata doka da ba a rubuta ba. Ya sha gaya mini ita yana dariya.

"Habiba, a ɗakin canza kaya kullum akwai samari uku suna jira ka ce wash. Ranar da ka ce wash, ɗayansu zai shiga wurinka. Ƙarshen shekara a kira ka ofis a yi maka godiya."

Haka ɗin kuwa aka yi masa. Sau ɗaya ya gaya wa shugaban 'yan wasansu cewa gwiwarsa ta hana shi barci. Aka ce ya huta mako biyu. Wani saurayi ya shiga, ya yi abin kirki, aka kira Malam ofis aka yi masa godiya. Lokacin da yake ba ni labarin ina dariya ina cewa Allah ya yi ne don ka zo ka same ni. Ban san abin ya zauna masa a ƙashi ba.

Shekara biyu kafin ciwon an gaya masa yana da ciwon suga. Likita ya ce ya rage shayi da dabino. A Madina! Ya rage ɗin, amma a gabana kawai.

Makon farko ban san komai ba. Akwai wasu leburori 'yan Pakistan masu aikin gini da ke buga kurket ranar Juma'a bayan la'asar, a wani fili bayan gonakin dabino. Malam yakan je kallo. Ran nan suka gano ko shi wane ne, suka yi ta roƙonsa ya jefa musu ko sau shida. Mutum mai shekara hamsin da uku, da takalmi fade a ƙafa, ya naɗe jallabiya ya auna takunsa goma sha takwas. Ya dawo gida fuska ja wur, yana haki yana murna kamar yaron da aka saya wa keke.

"Sau biyu na tumɓuke musu sandar da suke tsarewa, Habiba. Hannun nan bai mutu ba."

Na ce Allah ya shirya, na zuba masa abinci. Ashe ƙayar dabino ta shige ƙarƙashin babban yatsan nan ta karye a ciki. Yatsan da ma ya daɗe ba ya jin taɓi, ga suga ya ƙara kashe shi, shi kansa Malam sai bayan kwana uku ya lura.

Kwana tara da wasan nan, ina shara, na jawo takalminsa sau-ciki baƙi wanda yake zuwa makaranta da shi. Sai na ga huji a na hagun, zagayayye, an yanke shi tsaf da reza. Na san labarin hujin nan. Na tuna kuma kwanakin nan baƙar safa kawai yake sawa, har alwala a kanta yake shafa, ni kuwa na ɗauka sunna yake rayawa.

Da ya dawo daga sallar la'asar na tare shi da takalmin a hannu.

"Malam, ɓera ne ya ci wannan?"

Ya kalli takalmin, ya kalli bango. "Yana ɗan matsa ni ne."

"Cire safar."

"Babu komai, Habiba."

"Na ji. Cire ta in ga babu komai ɗin."

Yatsan ya kumbura ya yi jawur, ƙasansa da baki yana fitar da ruwa. Wai da ruwan gishiri yake jiƙa shi a banɗakin makaranta, ya naɗe da filasta, yadda suke yi a Ingila. Na ce gobe sai asibiti. Ya ce a'a, kuma ya faɗi dalili. Saura wata biyu a sabunta kwantiraginsa. In aka kwantar da shi, mudir, wato shugaban makarantar, yana da malamai samari 'yan Misira da ke jiran aji. In aiki ya tafi, iƙama ta tafi, ba mu da takardar zama, sai mu bar Madina. Shi kuwa tun ranar da ya musulunta burinsa ɗaya ne, a binne shi a Baƙi'a.

"Ki ba ni wata biyu. In na sa hannu a takarda, ki kai ni duk inda kike so."

A nan ni ma na yi nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Na yarda.

Mako na biyu na shawarwari ne. Maƙwabciyarmu Hajja Kaltuma, tsohuwa ce haifaffiyar Madina, mahaifinta da ƙafa ya zo daga Katsina. Allah ya saka mata, ba ta taɓa barina ni kaɗai ba, amma likitancinta ya ci mana kwana bakwai.

"Ya binti, wannan basiɗ ne, ƙaramin abu. Ki sa asal, zuma mai kyau, da habbatus sauda. In bai ji ba akwai wani Badawi a hanyar Badar, ƙarfe yake sawa a wuta ya ɗora, halas."

Na ce ƙarfe dai a'a. Zuma na sa. Wani tela ɗan Maraɗi ya aiko da bagaruwa a jiƙa, na jiƙa. Matar wani ɗalibin jami'a ta ce lalle, na ƙunsa masa lalle, yatsan Bature ya yi ja kamar na amarya, har muka yi dariya. Lallen nan shi ya ɓoye mini launin yatsan lokacin da ya fara baƙi. Kullum da safe Malam zai tura ƙafar cikin hudajjen takalmi ya tafi aji, ya tsaya awa biyar a gaban allo. Kullum in ya dawo in ce ya jiki, ya ce babu komai.

Mako na uku wari ya tona asiri. Na turara ɗakin da turaren wuta har sau biyu, warin na nan. Ran Asabar da safe na taɓa goshinsa, zafi rau. Na buɗe ƙafar, yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya soma bi, wani jan layi ya haura har idon sawu. Shi kuwa yana zaune bakin gado yana neman safa wai zai makara.

Na kwashe takalmansa kaf, har silifas ɗin banɗaki, na zuba a buhu na kai gidan Hajja Kaltuma. Hudajjen kawai na jefa a jakata, don ina so likita ya ga irin mutumin da zai yi fama da shi. Na dawo na tsaya a ƙofa.

"Ina takalmana?"

"Sun yi tafiya. Ko dai ka je makaranta ba takalmi duk Ƙurban ta gani, ko ka shiga motar da ɗan Hajja ya kawo."

Ya dubi ƙafafunsa, ya dube ni. Sannan ya ce, "Kawunki ya gaya mini kina da faɗa. Bai gaya mini rabi ba."

Asibitin gwamnati kyauta ne, na gode musu, amma layin sai wanda ya gani. Muka karɓi lamba da hantsi, ba a kira mu ba sai dab da azahar. Maza a gefe, mata a gefe, ina hango shi ta ƙofa ya jingina kai da bango, ƙafar naɗe da tawul. Da ƙyar ma'aikacin ƙofa ya bar ni na shiga tare da shi.

Babban likitan fiɗa Bamisire ne, dattijo, da gani ya gaji, ga mutane fiye da talatin a waje suna jiransa. Ya kalli yatsan ya ce, "Gargarina," wato naman ya ruɓe. Kalmar nan har yau tana kunnena. Ya ɗauko allura ya soma tsikarar ƙafar daga yatsu yana hawa sama, yana tambaya da Larabci ko da zafi.

"Fi alam?"

"Ma fi," in ji Malam. Babu.

Ya tsikari tafin ƙafa. "Ma fi." Idon sawu. "Ma fi." Ƙwauri. "Ma fi."

Ina tsaye ta bayansa ina kallon kunnuwansa. A yatsu da tafin ƙafa ba su canza ba. Daga idon sawu suka yi ja kamar gauta. Ban san abin da ake aunawa ba, na ɗauka jarumtar da ya saba ce, har na ji wani ɗan alfahari, Allah ya yafe mini. Likita ya girgiza kai, ya zaro biro ya ja layi a ƙasan gwiwa, ya ce a kwantar da shi, aiki ran Talata. Na fito da takalmin zan yi bayani, ya riga ya ce a shigo da na gaba.

Sai a bakin wata nas 'yar Sudan mai jin Hausa na fahimci layin biron. Ta ce, "Hajiya, daga nan za a yanke." Na zauna a ƙasa a barandar asibiti, ban san na zauna ba.

Washegari Lahadi aka buɗe ƙofar masu dubiya bayan la'asar. Na tarar da wani ƙaramin likita ɗan Pakistan yana duba takardar da ke rataye a gadon Malam. Na ce yau kam sai wani ya kalli takalmin nan. Na ciro shi na miƙa masa. Ya juya shi, ya sa yatsa a hujin, ya ɗago ya dubi Malam tun daga kafaɗa har ƙafa. Ya faɗi wata magana da Turanci, Malam ya ɗaga kai a karo na farko tun jiya. Ashe yayan likitan ma mai jifa ne a garinsu, haka yake huda nasa takalmin. Suka yi ta magana, ina jin sunayen filaye da garuruwa, har Malam yana nuna yadda ake riƙe ƙwallo da lemon da na kawo masa. Na bar su minti biyar, sannan na katse.

"Likita, wasa ya ƙare. Ƙafar fa?"

Da guntun Turancina da guntun Larabcinsa muka fahimci juna. Ya ce yatsu biyu sun mutu, babu makawa. Ya danna bayan idon sawu ya ce jini yana bugawa a nan, ba ƙarfi, amma yana bugawa. Abin da ya tsorata babban likita shi ne mutum bai ji allura ba har ƙwauri. Ƙafar da ta mutu haka, in an yanke yatsu kawai, ciwon zai ci gaba da hawa mai ita bai sani ba, har ya kashe shi.

"Da yana ji," in ji shi, "da akwai magana."

"Yana ji!"

Duk ɗakin suka juyo. Likita ya ce ta yaya na sani. Na ce shekara goma sha uku nake kallon kunnuwan nan. In ya ƙone da shayi su yi ja, in gwiwa ta motsa su yi ja, bakinsa kuwa yana cewa babu komai. Na juya kan Malam da Hausa, ban damu da masu kallo ba.

"Ka ji allurar nan ko ba ka ji ba?"

Ya kawar da kai.

"Malam, don girman wanda ke kwance a garin nan, ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji," ya ce a hankali. "Daga idon sawu."

"To don me? Don me, bawan Allah?"

"Na zaci in na ce da zafi zai ce ciwon ya kai nan, ya yanke. Na ce bari in nuna masa ƙafar lafiya take." Ya sunkuyar da kai. "Sau ɗaya na taɓa faɗa a rayuwata, Habiba. Suka sallame ni."

Haushi da tausayi suka haɗu mini, na rasa wanne zan fara. Na ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nan ba Ingila ba ce, babu wani saurayi da ke jiran gadon nan. Ni kuma ba ofis ba ce, ba zan kira ka in yi maka godiya ba. Gobe in an tsikare ka, ka yi ihu yadda duk Madina za ta ji. In ka sake cewa ma fi, wallahi da hannuna zan kai ƙafar Baƙi'a in binne, ta riga ka, ka ga burinka ya cika rabi."

Wani tsoho ɗan Chadi a gadon kusa, ashe yana jin Hausa, ya ce, "Malam, ka bi maganar Hajiya, ka zauna lafiya."

Ƙaramin likitan ya yi alkawarin roƙon babban ya sake gwaji. Ba ƙaramin abu ba ne yaro ya ce wa dattijo ya sake duba aikinsa, kuma dattijon, Allah ya ba shi lada, bai yi girman kai ba. Litinin da safe ba a barin mata shiga ɗakin maza, sai na tsaya a baranda jikin ƙofa, Hajja Kaltuma na riƙe da hannuna tana ta salati. Na ji takun likitoci. Na ji muryar dattijon, "Fi alam?" Na ji "ma fi", na san yatsu ne. Na sake jin "ma fi", na san tafin ƙafa ne. Sai shiru. Na ce a raina shi ke nan, hali zanen dutse.

"Wayyo Allah! Fi! Fi! Wayyo ƙafata!"

Da Hausa ya yi shi, da muryar nan tasa da ke cika aji. Ban taɓa jin abu mai daɗin ihun nan ba. Guɗa ta taso mini har maƙogwaro, Hajja Kaltuma ta toshe mini baki da gefen mayafinta tana cewa, "Aib, ya binti, mustashfa ne, asibiti ne nan!" ita ma tana hawaye.

Ran Talata aka cire yatsu biyu da ɗan naman gefensu. Aka goge layin biro. Dattijon ya ce ba alkawari, in ciwon ya motsa za a koma maganar farko, kuma kada ƙafar ta taɓa ƙasa sai ya ce.

Mako uku ya yi a asibiti, wata uku a gida. Wannan ita ce jinyar ta gaske, kuma ba ta da daɗin labari. Wanki safe da yamma da ruwan da suka ba mu, cusa auduga cikin ramin, allurar suga da na koyi yi a jikin lemo kafin in yi a jikinsa. Duk Asabar mu koma layi a duba. Sau biyu ramin ya yi ruwa, sau biyu na dawo gida ban iya cin abinci ba. Dabino ya bar gidanmu, baƙi ma sai su ci a waje. Takalmansa suna gidan Hajja Kaltuma duk tsawon lokacin, don na san shi. Sallah a zaune ta fi komai ci masa rai, ran nan na same shi yana ƙoƙarin miƙewa da sanda, na ce in ya ƙara zan kai sandar ma gidan Hajja. Mun yi faɗa a watannin nan fiye da duk shekarun aurenmu. Amma duk wankin da zan yi sai na danna gefen ciwon in tambaya, shi kuma dole ya faɗi gaskiya, nan da zafi, nan babu. Da farko kamar ana cire masa haƙori. Daga baya har ƙari yake yi.

Wasiƙar neman hutu da hannunsa ya rubuta, ina tsaye a kansa. Mudir ya zo dubiya ya yi masa faɗan ɓoyewa. Ba zan ce tsoron Malam ƙarya ne ba, don wani saurayi ɗan Misira ya karɓi rabin azuzuwansa, kuma bai dawo da su ba. Amma an sabunta kwantiragin, iƙamarmu tana nan, muna Ƙurban har yau.

Ranar da likita ya ce ya taka, Asabar ce. Na karɓo buhun takalma. Ya ce Ƙuba za mu. Daga ƙofar gida na ji yana ƙirga wani abu a hankali, yana ɗingishi, hannunsa a kafaɗata. A goma sha takwas ya tsaya, ya duba baya ya ga ɗan abin da ya taka, ya share ido da hannun riga. Sannan muka ci gaba.

To 'yan uwana mata, ga abin da na ce in gaya muku. In mijinku na da suga, ku duba ƙafarsa da idonku kullum, har tsakanin yatsu, kada ku tambaye shi. Kada ku ƙunsa lalle a kan ciwo. Kada ku ba shi wata biyu, ko kwana biyu. Kuma kowane namiji yana da inda gaskiyarsa ke fitowa in baki ya ƙi, ku nemi na naku.

Hudajjen takalmin yana rataye a ƙusa bayan ƙofarmu, na hana a yar. Yau da safe da na kawo masa shayinsa marar suga na ce, "Malam, ya jiki?" Ya buɗe baki, na ga "babu komai" ta taho. Ya kalli ƙusar, ya kalle ni.

"Gwiwa tana ciwo," ya ce. "Bayana ma haka. Shayin nan kuma ba daɗi."

Na ce alhamdu lillahi.